Goggo Gunvor, Majinyaciyar da Ta Ƙi Kwanciya

Ƙarfe shida da kwata take fitowa daga gida. Duk mai aikin safe a kamfanin kifi ya san haka, don a hanya muke haɗuwa, mu muna gangarawa bakin ruwa, ita tana hawa tudu. In lokacin sanyi ne sai ka ji kukan kekenta na ƙanƙara tun kafin ka gan ta, ƙafa ɗaya a kai, ɗaya tana tunkuɗa ƙasa, jar jakar nan tata tana lilo. Ba ta tsayawa hira. Hannu za ta ɗaga ta ce, "Kun dai karya ko?" ta wuce abinta. Ta buɗe gidan renon yara, ta kunna fitilu, ta ɗora kofi, sannan ta bi 'yan takalman roban nan ɗaya bayan ɗaya tana zura hannu ta ji ko sun bushe. Wanda ta samu da laima ta kife shi a kan bututun ɗumi. Kafin uwar farko ta turo ƙofa da yaro yana tirjiya, ita ta riga ta kai gwiwa ƙasa. Ban taɓa ganin ta gaida yaro a tsaye ba.

Shekara arba'in da ɗaya tana wannan. Ranar Juma'ar da ta wuce ta miƙa makulli.

Sunanta Gunvor Tveiten, amma in ka faɗi haka a kanti sai an tsaya tunani. Goggo Gunvor muka sani. An daɗe da cewa a daina kiran matan reno goggo, wai tsohon yayi ne. To an daina wa kowa, ita dai abin ya ƙi fita. Ita ta share mini majina, ita ta share wa yayana Ronny, ita ta share wa rabin waɗanda ke zaune a majalisar tsibirin nan yanzu suna ɗaga hanci.

Ni ce Tonje ta layin yankan kifi, matar Sindre, uwar Maiken. Ina shekara sha shida na bar makaranta, kowa ya sani, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Na roƙi a ba ni fili a takardar tsibiri ta wannan watan saboda akwai labari a bakina yana ƙona ni tun ranar Asabar. Amma matar da nake wa jinjina jira ta koya mini. Bari in gwada in ga ko na koya.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Ku tambayi Halvard mai jirgin fito. Yau shi ke cika mana kunne a lasifika, amma yana yaro in'ina gare shi, sai ya maƙale a kan kalma ɗaya yara suna jiransa da dariya a baki. Ya ce mini Goggo Gunvor ba ta taɓa ƙarasa masa kalma ba, ko sau ɗaya. Za ta zauna tana ɓare lemo kamar wadda ba ta da aikin yi har ya fito da ita da kansa. "Kowa sauri yake ya taimake ni," in ji shi, "ita kaɗai ta ƙyale ni." Ku tambayi matan da suka zo aikin kifi daga Lithuania. A bayan ƙofar kabad ɗin kicin akwai takarda ta yi ja don tsufa, da hannunta ta rubuta da harshen kowane yaro da ya taɓa shigowa: ruwa, fitsari, ciwo, mama za ta dawo.

Yanzu ga nawa.

Sindre mutumin Sogn ne, can kudancin ƙasar nan. A can muka yi aure, a can na haifi Maiken, a can ta buɗe baki. Ni ina yi mata maganarmu ta arewa, amma ni ɗaya ce, su kuwa gari guda. Saboda haka maganar ubanta ta ɗauke tsaf, irin ta tsofaffin can ciki, da wannan lanƙwasar tasu. Ga surutu! Kamar rediyon da maɓallin kashewarsa ya lalace. Tana shekara huɗu muka dawo gida, don Sindre wata guda yake yi a jirgin ruwa wata guda a ƙasa, ni kuma kewar mamata ta ishe ni.

Lahadin farko Mama ta tara dangi, ta dafa kifi da hantarsa da ƙwansa. Maiken ta ce a miƙo mata dankali. Ronny ya ajiye cokali.

"Kai! Me ta ce? 'Yar nan, sake faɗa!"

Ta sake. Teburi ya ɗauki dariya.

"Wallahi kamar tsohuwa 'yar tamanin ta sauko daga kan dutse da awakinta! Ɗaya tak, sake faɗa wa kawu."

Har waya ya ɗauko ya ɗauke ta. Ba mugunta ba ce, kun san halinmu. In muka ji karin harshen da ba namu ba sai mun taɓa shi, mun juya shi, mun kwaikwaya. So ne ya sa. Ni ma na yi dariya har da hawaye. Daga nan a kanti haka, a bakin coci haka: "Maiken, ce dankali." Wata biyu ana wannan. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa in mun fita. Sai ta daina ɗungum a waje. A gida dai tana yi.

Nan na tafka nawa kuskuren, kuma zan faɗe shi a gaban kowa don kar wata ta maimaita. Mama ta ce mini, "Kan yarinyar nan ne ya rikice. Uba na ja nan, uwa na ja can, talabijin na zuba mata ta babban birni Oslo. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta ɗaukar uku." Na ga kamar gaskiya ne, don ni ma ba na iya riƙe abu biyu a kai lokaci guda. Da Sindre ya sauko daga jirgi tun a mota na tare shi.

"Daga yau magana ɗaya za a yi a gidan nan. Tamu."

"Haba Tonje. In yi wa 'yata magana da bakin aro?"

"Bakinka ka fi so ko 'yarka?"

Ya yarda. Allah sarki Sindre, sai ya zauna yana murɗa harshe yana ta arewa kamar mai tafiya da takalmin wani. Maiken ta dube shi, ta dube ni. Da ta faɗi wani abu da ta Sogn na ce, "A'a, mu nan ga yadda muke cewa." Sau uku na gyara mata a ranar. Kwana tara bayan nan ta rufe baki. Ba a waje ba, ba a gida ba, ba da kowa ba.

Wanda bai zauna da yaro mai shiru ba bai san nauyin abin ba. In tana son madara ta nuna da yatsa. In tana son fita ta ja mini hannun riga. Wata rana ta zame a kan ƙanƙara a bayan gida ta fasa haɓa, ina tsaye a kicin taku goma da ita, ba ta kira ni ba. Sai jini na gani a gaban rigarta. An duba kunne, lafiya lau. An duba maƙogwaro, lafiya lau. Matar ofishin da ke auna yara ta zo sau biyu a jirgin safe da katunan hotuna, mace mai kirki ƙwarai, Maiken ta ƙura wa bango ido har ta tafi. Ta zaunar da mu ta ce a watan Agusta ya kamata yarinya ta shiga aji ɗaya. In har ƙarshen Yuni ba ta fara magana da mutane a wajen gidan reno ba, shawararta ita ce aji na musamman a birnin Tromsø, don makarantarmu malamai biyu gare ta. Wato mu tattara mu bar tsibirin nan. Sindre ya ce in dai tashi ne to Sogn za mu koma. Na ce ba inda za ni. Daga nan mu ma muka rage magana. Gida ya zama na bebaye uku.

Kullum in na je ɗaukarta sai in tambayi Goggo Gunvor a hankali, "Ta yi?" Sai ta ce, "Ta cinye burodinta tas." Gobe in sake, ta ce, "Ta yi zanen kifi mai ƙafa." Wata rana a watan Fabrairu raina ya ɓaci.

"Goggo, ba burodi nake tambayarki ba."

"Na ji abin da kike tambaya. Cire takalmi ki shigo."

Ta tura Maiken waje wurin sauran, ta zaunar da ni a kan kujerar yara, gwiwata har haɓa. Ta ce in gaya mata wa ke yin wace magana a gida. Na gaya mata dokata, har da ɗan alfahari. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Tonje, tun kina ƙarama kike gudu kafin ki ɗaure takalmi."

Ni ina Sogn lokacin, amma ku kun tuna shekarar da mutanen jami'a suka zo da motarsu suka kafa kaya a zauren taro, suna neman masu karin harshe biyu a baki. Goggo Gunvor ta je, don ita 'yar wani kwari ce a Telemark, tana shekara ashirin da shida ta biyo mijinta marigayi Arnfinn nan. Ta ce sun kifa mata hula mai wayoyi, suna nuna mata magana a allo, wata an jera ta daidai, wata an jera ta a karkace, wani lokaci da tamu, wani lokaci da ta kwarinsu.

"Yarinyar da ke riƙe da na'urar ta nuna mini wani layi yana tsalle," in ji ta. "Ta ce in an karkatar da ta arewa kaina yana zabura, in an karkatar da ta kwarinmu ma yana zabura, kowace ya san tsarinta daban. Na ce 'yar nan, da kin tambaye ni da ba ki ɓata mini gashi da wannan man mai sanyi ba. Shekara arba'in ina kallon abin nan a ƙarƙashin teburi."

Sannan ta dube ni sosai.

"Kai ba bokiti ba ne da zai cika ya zube. Gida ne, kowace magana da ɗakinta. Ke kin je kin kulle wa yarinya ɗakin da ta taso a ciki, kin ce ta koma wanda ba a gama shimfiɗa ba."

Na yi kuka a kan wannan 'yar kujerar. Na ce to yanzu na kashe mata baki kenan har abada.

"Wa ya ce miki ba ta magana?"

Ashe sati uku kafin nan, bayan cin abincin rana, ƙanana suna barci a kekunansu na jarirai a waje, manya suna wasa a tudu, Goggo Gunvor ta shigo ɗaukar safar hannu ta ji murya a ƙarƙashin babban teburi. Maiken ce da 'yar tsana, ta rataya abin auna ƙirji na roba a wuya. "Ina ke miki ciwo? Buɗe baki. Kar ki ji tsoro." Da ta Oslo, tsaf.

Duk mun yi wannan. Da zarar yara sun shiga wasan likita ko na kanti ko na uwa da uba, sai baki ya koma na Oslo, ba wanda ya sa su. Ni ma na sayar da duwatsu a bakin ruwa da ta Oslo ban taɓa taka Oslo ba. Amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba.

"Ta Sogn an yi mata dariya," in ji Goggo Gunvor. "Ta arewa an tilasta mata. Ta wasa kuwa ba ta kowa ba ce. Likita ce ke magana, ba Maiken ba."

"Sati uku, Goggo! Kina kallona ina mutuwa a tsaye?"

"Da na gaya miki ranar, kafin jirgin yamma ya tashi an ji a Finland. Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba."

Ta ba ni aiki uku. In mayar wa Sindre bakinsa. In ce wa Ronny ya goge abin da ya ɗauka a waya ya kuma kama bakinsa. Na ukun ta sa na maimaita shi sau biyu kamar 'yar reno: "Ranar da ta yi miki magana, ba ihu, ba runguma, ba kiran kowa. Ki amsa mata kamar jiya ma ta yi."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Liv-Karin, abokiyar aikinta, ita ta gani, ita ta gaya mini. Goggo Gunvor ta je kusa da teburin nan ta kwanta a ƙasa, ta juya wa yarinya baya, ta hau nishi da ta Oslo: "Wayyo likita, ƙafata." Ranar farko ba abin da ya motsa. Rana ta biyu haka. A ta huɗu wani ɗan hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafin teburi da allurar roba, ya soka, ya koma. A ta tara murya ta ce, "Kwanta da kyau." Mace 'yar sittin da bakwai, gwiwarta ta dama tana jiran aikin asibiti, kullum bayan abincin rana sai ta kwanta a dandariyar ƙasa. In an gama ba ta iya tashi sai Liv-Karin ta ciccibe ta. Ta ce wa Liv-Karin, "In kika gaya wa shugaba zan ce ke kika hankaɗe ni."

Da ni ce, nan zan tsaya in ce an gode Allah. Ita ba likita take nema ba, Maiken take nema. Kuma ta san wani abu da sai wanda ya daɗe a zaune a ƙasa ke sani. In yara suna wasa aka sami matsala, suka tsaya gyara wasan, irin "a'a, ke ce uwa, ni ce jaririya," to a wannan ɗan tsakanin ba sa yin ta Oslo. Kowa bakin gidansu yake komawa. Sai an gama shiri a sake ɗaukar ta wasa.

Saboda haka ta zama majinyaciyar da ta fi kowa taurin kai a ƙasar nan. A yi mata allura ta tashi tana rawa. A ɗaure mata ƙafa ta kwance ta naɗa a kai. A ce ta yi barci ta ce sai an kawo mata kofi. Har ƙwace allurar ta taɓa yi ta soka wa likita. Sati biyu likita tana haƙuri cikin ladabi irin na mutanen Oslo. Wata Talata a watan Afrilu likita ta gaji, ta ja bargo ta rufe ta har kai, ta ce, "Yanzu kin mutu." Goggo Gunvor ta bari aka ɗan jima, sannan ta yaye bargo ta zauna ta ce, "Likita, ƙarfe nawa?"

Maiken ta cire abin auna ƙirjin ta buga da ƙasa.

"Ba haka ake yi ba! Ke kin mutu! Matacce ba ya tambayar lokaci! Koma ki kwanta!"

Da ta Sogn. Da ƙarfi, har kicin. Liv-Karin ta ce kofin da ke hannunta sai gani ta yi a ƙasa.

Goggo Gunvor ba ta yi dariya ba, ba ta tafa ba. Ta ce, "To, yi haƙuri, mantuwa na yi," ta ja bargo ta koma ta kwanta. Amma Liv-Karin ta ce da farko ba ta gane muryar wa ta ji ba, don ba da tamu ta faɗa ba, ba kuma da ta Oslo ba. Da ta kwarinsu ta faɗa, ta Telemark.

Ku tsaya a nan, mutanen tsibiri. Wa a cikinku ya taɓa jin ta yi wannan maganar? Ni na tambayi Mama, ta daɗe tana goge teburin da ba shi da datti, sannan ta ce, "Da ta zo tana amarya takan yi. Mun riƙa kwaikwayonta a kanti. Kafin shekara ta daina." Shekara arba'in tana share wa 'ya'yanmu majina da bakin da muka yarda da shi, nata tana ajiye a kulle. Ba ta buɗe shi ba sai don 'yata ta ji cewa ba ita kaɗai ke da wani ɗaki ba.

Ke ce wannan, Goggo. Ke ce mai kunnen da ba ya gaggawa. Ke ce kika san ciwon tun kafin a haifi mai shi, kuma ba ki taɓa goranta mana ba. Mu muka yi dariyar, ke kika kwanta a ƙasa.

Daga ranar abin ya fara tsattsafowa. Tana yi da Goggo Gunvor, tana yi da Liv-Karin, tana yi da yara biyu a cikin gidan reno. A watan Mayu Sindre ya sauko daga jirgi, ya je ɗaukarta shi kaɗai, a mota ta ce masa, "Baba, kana warin mai." Ya ce ya tsaya a gefen hanya ya fita wai yana duba taya, ya daɗe yana duba ta.

Ni kuwa ko uffan. Yatsa da jan hannun riga. Ban ga laifinta ba, na san abin da na yi. Ga Yuni ya shigo, ga matar ofis tana jira, ga Goggo Gunvor tana tattara kayanta daga kabad. Na ce mata, "Goggo, in kin tafi fa?" Ta ce, "Ƙofar da aka fi bugawa da ƙarfi ita ta fi daɗewa ba ta buɗu ba. Ki daina tsayawa a bakinta. Je ki ɗora abinci."

To. Ranar Asabar.

An yi mata walimar sallama a zauren taro, mun kai mutum saba'in. Ga wainar vaffel tuli, ga cukunmu mai ruwan ƙasa, ga kek mai kirim, ga kofi. Halvard ya tashi jawabi ya ƙi zama, har wani daga baya ya ce, "Goggo, ke kika ja mana, da kin bar shi da in'inarsa!" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya zauna, aka tsaya jiran wanda zai tashi na gaba, zaure ya ɗan yi tsit. Ni ina yanka cuku ina jera wa Maiken a kan waina. Sai na ji an ja mini hannun riga. Na duba in ga inda yatsa ke nunawa kamar kullum. Ba yatsa.

"Mama, cukun ya yi yawa. Ni da jam nake so."

Da tamu. Ta arewa, tas, kamar a rumfar jirgin kakanta aka haife ta. Wata goma sha huɗu ban ji muryarta ba! Kuma ya faɗo daidai cikin wannan tsit ɗin, kowa ya ji.

Na ga bakin Ronny ya buɗe. Na ga Goggo Gunvor ta dube shi ta saman tabarau. Ya ɗauki waina guda sukutum ya cusa a baki. Mama ta kama gefen teburi. Sindre ya ƙura wa rufi ido. Mutum saba'in, 'yan arewa, ba wanda ya ce ƙala, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka gina zauren. Sai Halvard, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "Wai wa ya ɓoye sukari ne?" Cokula suka ci gaba da ƙara.

Ni kuwa na ce, "To, kawo in canza miki."

Na shafa mata jam ɗin mai zaƙi a kan wata wainar har yana ɗiga a teburi. Na ce, "Ya isa?"

Ta ce, "Ƙara kaɗan."

Na ƙara. Ta gutsura, ta juya wurin ubanta ta ce masa ya ɗanɗana, da ta Sogn, ko numfashi ba ta ja ba a tsakani. Na jira ta cinye. Na goge mata baki. Sannan na tashi a hankali kamar wadda za ta bayi, na shiga ɗakin rataye riguna, na tusa fuskata a cikin wata rigar sanyi shuɗiya mai warin taba, na yi ihun da na riƙe. Mai wannan rigar, ko wane ne kai, ka yafe mini, ni na jiƙa ta.

Matar ofis ta zo gida ranar Laraba a jirgin safe. Ta sha allurar roba biyu, sannan Maiken ta ajiye kayan likita ta tambaye ta me ya sa take sa takalmin birni a tsibiri. Da za ta tafi ta ce mana a bakin ƙofa, "Ku saya mata jakar makaranta." Mun saya jiya. Mai hoton kifi. Da baki ta zaɓa.

Ba inda za mu. Maiken tana magana, jama'a! Tana yi mini ta arewa, tana yi wa ubanta ta Sogn, tana yi wa 'yar tsana ta Oslo, kuma kanta bai zube ba. Jiya har cewa na yi ta ɗan yi shiru in ji labarai, sai na kama bakina na zauna ina dariya ni kaɗai.

Goggo Gunvor, ba ni da kalmomi manya. Na gode. Na gode da gwiwarki, na gode da satin nan uku da kika ɓoye mini, na gode da ba ki ce mini ba komai ba alhali akwai komai. A watan Agusta za a yi miki aikin gwiwa. Wannan karon likitan gaske ne, don Allah in ya ce ki kwanta ki kwanta. In kin dawo zan zo da waina, kuma ina roƙon abu ɗaya: ki yi mini hira da ta kwarinku. Ba zan kwaikwaya ba. In ban gane ba zan tambaya.

Ku kuma sauran, ga abin da ya sa na rubuta maimakon in hau kan rufin kanti in yi shela. Maiken ba ta iya karatu ba tukuna, nan kaɗai zan iya ihuna ba ta ji ba. In kun gamu da ita a hanya kar wanda ya ce mata an ji labari, kar wanda ya ce ta sake faɗa. Makullin gidan reno yana hannun Liv-Karin yanzu, amma aikin da Goggo Gunvor ta ajiye ya fi ƙarfin mace ɗaya, sai mun raba shi. Jirgin Halvard zai ci gaba da sauke mana yara masu wani baki daban. Ku kai gwiwa ƙasa, ku bari su ƙarasa. In yarinya ta ce a miƙo mata dankali, a miƙa mata dankali.